Kunun Kwana Talatin

Kafin ku ci gaba da zage-zage a ƙasan rubutun nan, ku bari in ba ku labarin da bakina. Na san da yawanku kun ga bidiyon nan na minti ɗaya, wanda robar kunun aya ta fashe a jikin wani saurayi mai farar shadda. Wasu sun yi dariya har da hawaye, wasu sun tsine masa. Abin da ba ku sani ba shi ne, ranar da aka ɗauki bidiyon saura mako biyar a ɗaura min aure da shi, kuma ni ce na ɗauko tiren kunun na dire a gabansa.

Sunana Aziza. Shekarata talatin da ɗaya, kuma a gidanmu na Malali ba a faɗar wannan lambar da ƙarfi. Abba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya, ba ruwansa da kowa sai jarida da carbi. Mami kuwa, Hajiya Hassana, tun da ƙannena biyu suka yi aure suka bar ni ta daina zuwa biki da fara'a. In ta dawo sai ta jefar da mayafi a kujera, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "An gaishe ki. An kuma tambaya."

Ina aiki a wani gidan talabijin mai zaman kansa a nan Kaduna, a shirin Baje Hajarka. Duk mako masu ƙananan sana'o'i suna zuwa su tsaya gaban attajirai uku, su yabi hajarsu, su nemi jari. In ta burge attajiran, su zuba kuɗi su karɓi kaso. Ni ba a ganina a allo. Aikina shi ne in bi duk maganar da mutum ya rubuta a fom, in gano ta gaskiya da ta ƙarya kafin ya hau. Wani ya taɓa zuwa da man da ya rantse yana tsirar da gashi a kan sanƙo cikin mako biyu. Na ce, "Malam, ɗan cire hularka." Bai cire ba, bai kuma dawo ba. Tun ranar ake kirana Kwastan a ofis, kuma ba zan ɓoye muku ba, sunan yana min daɗi.

Suhaib ya shigo rayuwata wata takwas da suka wuce, a wurin wani taron 'yan kasuwa. Dogo ne, yana da wushirya, gilashinsa siriri, ƙamshinsa kan riga shi isowa. Ya iya magana, jama'a. Irin mutanen nan ne da in suna yi maka bayani sai ka ji kai ma kana da wayo. Wata uku da haɗuwarmu ya kai ni gaida Hajiya Hauwa a Unguwar Rimi, wadda yake kira Momi. Gida ne mai bene, falon ƙasa kaɗai ya fi gidanmu. Da Mami ta je ta gani da idonta, kwana biyu tana waya tana ba dangi labarin labule. Aka kawo kuɗin gaisuwa, aka sa rana.

Sai bayan an sa rana ya gaya min zai shiga shirinmu.

"Kada ki faɗa wa kowa a ofis muna tare, Ziza," in ji shi. "Ba na so a ce alfarma aka yi min."

Na ji ya ƙara burge ni. Ku duba min wauta.

Hajarsa kunun aya ce a roba mai kyan takarda, sunanta Sanyin Rai. A fom ya rubuta cewa ya gano wata hanyar haɗi da ke sa kunun ya yi kwana talatin ba firij, ba ƙanƙara, bai yi tsami ba. Ke 'yar uwa mai karatu, ko ba ki taɓa jiƙa aya ba kin san halin kunun aya. In aka ɗauke wuta da safe, kafin la'asar ya fara sauya murya. Da wani ne ya rubuta haka, da dariya zan fara yi. Amma da na tambaye shi sai ya saki murmushi ya ce, "Sirrin kasuwanci ne, amarya." Na tafi ina jin daɗin kalmar.

Ƙa'idarmu a sarari take. Mai haja zai kawo roba goma sha biyu, in ɗiga jan farce a bakin kowane murfi don kada a buɗe, in kulle su a kabad ɗin ofishina har kwanakin da ya faɗa su cika, makulli a jakata. Ranar ɗaukar shiri a fito da su a rufe da ƙyalle, a buɗe gaban kyamara.

Kwana huɗu na leƙa, na ga robobin sun fara ƙiba. Kwana tara ina zaune ina cin abinci na ji wani tau! a cikin kabad. Da na buɗe, warin da ya bugo ni sai da na fita waje. Ɗaya ta fashe, sauran sun kumbura sun yi tumbi. Na goge wurin da hannuna kafin wani ya shigo, na ɗauki hoto na tura masa.

Amsarsa ta shigo nan take:

"Na sani. Ki kwantar da hankali."

"Ka sani kamar yaya?"

"Hanyar ba ta gama kammala ba. In na samu jari zan sayo injin, sai ta zama gaskiya. Safiyar ranar zan sa miki sababbi a bayan mota, ki ɗiga musu jan farcenki. Wa zai gane?"

Na ajiye wayar. Sai ga wani:

"Gidanmu nake ginawa, Ziza. Ni da ke."

Da yamma na tarar ya riga ni zuwa gida. Mami tana zaune a falo cikin sabuwar atamfa, ga ledar kaji biyu gasassu a kan tebur, shi kuma ya tafi.

"Zo nan, Aziza. Me yaron nan ya roƙe ki da har za ki sha masa mur?"

"Mami, ƙarya fa yake so in taya shi."

"Kunu ne fa! Kunu! Wani zai mutu ne?"

"Mutane za su zuba kuɗinsu."

"Masu kuɗin da ba su san adadinsa ba? Ke dai ki ce kin fi son a ci gaba da kiranki Kwastan har ki yi furfura a ɗakin nan." Ta sassauta murya, wadda ta fi faɗan zafi. "Shekara shida nake zuwa bikin 'ya'yan mutane ina yaƙe. An kai ɗinkin anko. Ki dubi girman Allah ki bar ni in ɗaga kaina sau ɗaya."

Na ce, "To, Mami." Kuma wallahi a lokacin da gaske nake. Na tura masa saƙo na ce na yarda, ya turo min zuciyoyi har layi uku.

Da abin ya tsaya nan, da yau ina gwajin kayan amarya. Amma akwai ƙa'ida ta biyu: sai na ziyarci wurin da ake yin haja, kuma ba na sanar da ranar zuwa. Suhaib ya ce in bari ya kai ni da kansa. Na ce to, sannan wata Talata da hantsi hali ya rinjaye ni, na hau keke napep na nufi Rigasa ni kaɗai.

Adireshin da ke fom ya kai ni wani shago mai sabon fenti, an rubuta Sanyin Rai da manyan baƙaƙe. A kulle yake. Na leƙa ta taga, ba komai ciki sai tebur da katan ɗin robobi. Wata mai suyar awara a gefe ta ce, "In kunu kike nema, ai ba a nan ake yi ba. Shiga lungun can, gida na uku, ki ce Inna Sa'adiya."

Na yi sallama a tsakar gida ƙarami, tsaf da shi, an share har ƙasan randa. Wata dattijuwa siririya tana durƙushe gaban baho, tana tace markaɗen aya da farin ƙyalle. Hannunta duk ya yi fari ya tattare saboda ruwa. Ga dabino an cire ƙwallo, ga kwakwa an kankare, ga robobin Sanyin Rai a jere a kan tabarma.

"Maraba da 'yar birni. Na nawa za a ba ki?"

Na ce daga gidan talabijin nake, batun kunun Suhaib. Ta miƙe da sauri tana goge hannu a zani, ta shimfiɗa min darduma, ta ciko kofin silba. Ban taɓa shan kunun aya irinsa ba, har yau ina jin kanumfarin a harshena.

"Inna, ke kike yi masa?"

"Ni ce dai. Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a."

"Kwana nawa yake yi bai lalace ba?"

Ta yi dariya. "Kwana? 'Yar nan, in ba sanyi ki shanye kafin magariba. Duk wanda ya saya sai na gaya masa."

Da ta yi dariyar nan na ga wushirya. Na tuno ta Suhaib, amma na ce a raina masu wushirya ai da yawa.

"Suhaib ɗin yana zuwa kullum?"

"Shi wancan? Yakan zo ɗauka."

"Wa?"

"Shi dai mai gilashin."

Na ajiye kofin. Sau huɗu na jefa mata sunan ta hanyoyi daban-daban, sau huɗu tana kewaye shi tana sunkuyar da kai. Ma'aikaciya za ta ce Oga, ko Alhaji, ko ta kira sunan kai tsaye. Mace ɗaya ce a duniya ke kauce wa sunan namiji haka in ba mijinta ba ne. Kakata ta wurin uba har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan Abba ba, ba ta taɓa cewa ɗanta ne a gaban mutane ba, saboda shi ne ɗan fari. Na girma ina kallon wannan kunyar, ba zan kasa gane ta ba.

Na roƙi in yi salla a ɗakinta. A bango, rabi a ɓoye bayan jeren kwanoni, ga hoton Suhaib cikin rigar kammala jami'a, an goge gilashin tas.

Da na fito na ce, "Inna, Hajiya Hauwa ta Unguwar Rimi fa?"

"Ƙanwar mai gidana ce, Allah ya jiƙansa. Ita ta ɗauke shi yana shekara goma sha biyu, don makaranta. Ɗanta ne." Ta ci gaba da matse ƙyallen. "An ce ma zai yi aure, 'yar manyan mutane. Allah ya sa ta riƙe shi da kyau."

An ce. Jama'a, a bakin duniya ta ji. Ban gaya mata ko ni wace ce ba. Na karɓi lambar wayarta don aiki, na fito.

A napep na tura masa saƙo: "Wace ce Inna Sa'adiya?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Sannan: "Wata tsohuwa ce da muke taimaka wa da aiki. Na ce ki jira ni ai."

Ina so in ce muku tausayin Inna ne ya juya min rai. Zai yi daɗin karantawa, amma ba gaskiya ba ne. Abin da na zauna ina lissafi a kai shi ne ranar da muka haɗu. Tambayarsa ta farko a taron nan ita ce, "Ke ce mai riƙe makullin Baje Hajarka?" Na yi dariya a lokacin. Mutumin da ya iya ɓoye uwar da ta haife shi saboda ba ta dace da falon Unguwar Rimi ba, me zai hana shi auren makulli? Ni Kwastan, da nake cire wa mutane hula, an yi wata takwas ana shigo da kaya ta gabana ina murmushi. Wannan ne ya ƙona ni, ba komai ba.

Safiyar Alhamis, ranar ɗaukar shiri, ya zo ƙofar gida ya sa kular sababbin robobi a bayan motar Abba da nake ara. Mami har da leƙowa ta taga tana sa albarka.

"Kin tuna jan farcen?"

"Yana jaka," na ce.

Na bar kular a inda ya ajiye ta. Na buɗe kabad, na jera robobi goma sha ɗaya na ainihi a tire a hankali, na rufe da ƙyalle mai kauri.

Ya shigo sitidiyo cikin farar shadda mai aikin zare ruwan toka, hula zanna, agogo yana walƙiya. Ya yi minti bakwai yana zuba. Ya ce shekara uku yana bincike. Ya ce da kansa ya haɗa sirrin a ɗakin gwaji. Ya ce matan Arewa sun daɗe suna asarar kunu saboda rashin ilimi, shi ya zo ya cece su. Alhaji Sama'ila mai masana'antar leda yana ta gyaɗa kai. Hajiya Umaima kuwa, mai gidajen abinci, wadda ta fara da tallan waina, ta tallafe haɓa tana kallonsa kawai.

"A kawo hajar," in ji ta.

Na ɗauko tiren na dire. Ya kashe min ido ɗaya. Na janye ƙyallen na koma bayan kyamara.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Robobin sun yi kumburin da takardar jikinsu ta tsage, kunun ya rabu biyu, ƙasa dusa, sama ruwa mai kumfa. Ya nemo ni da ido. Na tsaya ina duba takardata.

"Bismillah, buɗe mana," in ji Hajiya Umaima.

"Hajiya, wato..."

"Kwana talatin ka ce. Yau talatin. Buɗe."

Ya murɗa murfin. Sauran kun gani. Ƙarar ta sa mai kyamara ya zabura, kunun ya yi tsiri ya wanke masa gaban riga da gilashi, wari ya cika ɗakin. Alhaji Sama'ila ya toshe hanci da hula, 'yan kallo suka fashe da dariya. Ni ma wani sanyi na ji a ƙirjina, kuma na ji daɗinsa.

Da ya yi shiru ya ba da haƙuri, da a nan aka tsaya. Amma Suhaib bai iya shiru ba.

"Wannan rukunin ne aka samu kuskure," ya ce yana goge gilashi. "Mai aikinmu ce ba ta bi ma'auni ba. Tsohuwa ce, ba ta yi makaranta ba."

"To a kira ta mu ji," in ji Hajiya Umaima. "Aziza, akwai lamba?"

A shirinmu attajirai suna da damar kiran duk wanda ke cikin sana'ar, ni ke ba da lamba. Ina iya cewa babu. Amma tun ranar Talatar na rubuta ta a kati da babban rubutu, na ajiye a saman takarduna. Na miƙa.

Wayar ta yi ƙara uku, muryar Inna ta fito ta lasifika, ana jin kukan injin markaɗe a bayanta.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Mama, Hajiya Umaima ce. Tambaya ɗaya. Kunun da kike yi, yana kwana talatin ba firij?"

"Talatin? La ila. Wa ya faɗa? Ai ko kwana ɗaya sai da ƙanƙara, Hajiya. Kada wanda ya sha na jiya, zai ɓata masa ciki."

Aka sake kwashewa da dariya. Hajiya Umaima ta ɗaga hannu.

"Ga Suhaib nan a gabanmu, shi ya faɗa. Mama, mene ne tsakaninki da shi?"

Shiru. Injin markaɗen kawai ake ji. Na san ba za ta iya ba, na sani tun kafin in miƙa katin. Shekara talatin da huɗu da haihuwarsa ba ta faɗa a tsakar gidanta ba, ba a gaban baƙi za ta fara ba. Na bar masa wannan shirun ne in ga abin da zai zuba a ciki.

Ya matso kusa da makirfo.

"Na gaya muku mai aiki ce. Ba abin da ke tsakaninmu. Kuma daga yau na sallame ta."

Na ji numfashinta a lasifika, sau ɗaya, dogo.

"Haka ne, Hajiya," ta ce. "Mai aiki ce ni. Laifina ne, ni na ɓata haɗin. Ku yi masa haƙuri."

Ta kashe wayar. Ba wanda ya yi dariya. Hajiya Umaima ta daɗe tana kallon wushiryarsa, ban san me ta gano ba, sannan ta ce, "Fita." Ba wanda ya ba shi ko sisi.

Bayan magariba Mami ta tare ni tun daga ƙofa, har ta ji labari. Ta kira ni baƙar zuciya, ta ce na fi son aiki da mutuncin gidanmu. Na bari ta gaji, sannan na gaya mata wace ce tsohuwar. Ta zauna daɓas.

"Mai kunu? A Rigasa?" Ta shiga juya zobe. "Wa da wa suka sani?"

"Ni kaɗai."

"To ki bar shi a ke kaɗai. Hajiya Hauwa ta riƙe shi, ita ce uwa. Maza ki kira shi ki ba shi haƙuri."

Ban kira ba. Shi ne ya turo, da safiyar Juma'a:

"Kin ci amanata, amma Momi ta sa baki. Shirin sai Lahadi zai fita. Ki sa a cire nawa gaba ɗaya, ni kuma in manta. Lefe yana nan zuwa gobe Asabar. Ki yi tunani, a shekarunki."

A shekarunki. Na karanta ya fi sau goma. Ina isa ofis Malam Yahaya, mai shirya shirin, ya leƙo ya ce in zaɓo minti ɗaya mai zafi a ɗora a shafinmu don tallan shirin Lahadi, kamar kowane mako. Mutum huɗu aka ɗauka ranar, ina da zaɓi. Na zauna da mai yanka bidiyo, na ce ya fara daga murɗa murfi, ya ƙare a kan "na sallame ta". A ƙasa na rubuta da hannuna: "Ku tambaye shi ko wace ce wannan mai aikin." Ƙarfe goma sha ɗaya na danna.

Bayan an sauko daga masallaci maigadi ya ce ina da baƙuwa a bakin get. Na fita na sami Inna Sa'adiya tsaye a rana, cikin hijabi ruwan ƙasa da aka goge da kyau, da silifas, riƙe da ƙaramar kula. Mota biyu ta hawo daga Rigasa.

"Ashe ke ce," ta ce. "Jiya ya zo, ko zama bai yi ba. A cikin faɗan ne na ji ashe ke ce yarinyar." Ta dube ni da kyau, har ta ɗan yi murmushi. "Kin zo gidana na ba ki kunu a kofin silba. Da na sani da na yanka kaza."

"Inna, ki shigo inuwa."

"A'a, ba zan daɗe ba. An ce abin bai fita ba sai jibi, an ce kuma ke ke da iko. Batun kunu ki bar shi, ƙarya ya yi, a nuna. Amma inda ya ce mai aiki, ki cire. Ba don ni ba. In mutanen unguwa suka ji muryata za su gane, za su tsine masa, kuma bakin mutane yana kama yaro."

Wayata tana cikin jaka tana ta rawa tun ɗazu, ba ta tsaya ba. A duban ƙarshe da na yi mutum dubu arba'in sun kalli bidiyon, kuma wata daga Rigasa ta riga ta rubuta sunan Inna da layin gidanta a ƙasa.

Sai ta ajiye kular, ta kama hannuna da hannayenta biyu masu kaushi. Ta waiga hagu da dama, ta sunkuyar da kai. Sau biyu ta buɗe baki tana rufewa.

"Suhaibu," ta ce, muryarta tana karyewa a tsakiyar sunan. "Suhaibu ɗana ne. Ni na haife shi. Ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba, ke na fara gaya wa. Ki rufa masa asiri, kada ki fasa aurensa. Kin ji, 'yata?"

Maigadi yana zaune a benci bayanmu da wayarsa a hannu, ya ƙure sauti, bai san wadda ke tsaye a gabansa ba. Na ji ƙarar murfi, na ji dariyar 'yan kallo. Sannan muryar Suhaib ta fito tar: "Na gaya muku mai aiki ce."

Inna ta juya a hankali ta kalli wayar. Ta dawo da idonta kaina. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta saki hannuna, ta tura kular gabana da ƙafa, don na ga hannun nata ba zai iya ɗauka ba.

"Na safe ne," ta ce. "Ki shanye kafin magariba."